Yadda Inna Ta Koya Mini Iyo

Ranar da na faɗi jarrabawar iyo, Yahouza murmushi ya yi.

Ba wani babban murmushi ba ne, ɗan guntu ne ya kufce masa ta gefen baki kafin ya kama shi. Amma na gani. Ina zaune a bencin da ke bayan tukubarsa a unguwar Kpébié, idanuna jajur, kunnuwana cike da ruwa, ina ba shi labarin yadda na nutse a gaban 'yan ajinmu har sai da malamin ya miƙo mini doguwar sanda ya jawo ni. Shi kuwa yana juya tsire yana jinjina kai.

Na ce, "Daɗi ka ji."

"Haba Naja... wane irin daɗi kuma?"

"Na ga bakinka."

Ya fara rantsuwa wai hayaƙi ne ya shigar masa hanci. Da ya ga ban ɗauke ido daga kansa ba, sai ya ajiye wuƙa ya goge hannu a jikin tawul, ya sunkuyar da kai.

"Ban so ki sha wahala ba, wallahi. Zuciyata ce kawai ta riga ni, ta ce ƙila yanzu ba za ki tafi ba."

Na ɗauki jakata na tsayar da ɗan zam, wato ɗan acaɓa, na hau babur ko ciniki ban yi ba. Ina jin Yahouza yana kirana da ƙunshin nama a hannu, ban waiga ba.

Sunana Naja'atu, ni ce auta kuma mace ɗaya tilo a gidan Alhaji Issaka, mai fataucin shanu a Djougou. Tun ina ƙarama muka raka Baba filin jirgin Kwatano zai tafi Makka, na ga wasu mata sun wuce cikin kaya iri ɗaya suna jan 'yan akwatuna, kowa yana ba su hanya. Daga ranar ban ƙara son wani aiki ba. Da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, Baba ya kawo ni Parakou wata lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta da ke horar da ma'aikatan cikin jirgin sama, waɗanda muke kira otes. Ya sauke ni a gidan ƙanwarsa, Gwaggo Saratou.

Na ji daɗin lakwal ɗin nan. Akwai wani dogon ɗaki da aka jera wa tsofaffin kujerun mota biyu-biyu, shi ne jirginmu. A nan muke koyon tafiya da faranti ba tare da shayi ya zube ba, da kashe wuta, da taimakon wanda ya suma, da yadda za ka yi wa fasinja magana yana zaginka kana masa fara'a. Turanci ya ba ni wuya da farko, daga baya na kama. A komai ina cikin na gaba-gaba, har aka zo kan ruwa. Madam, shugabar lakwal, ta yi mana bayani cewa in jirgi ya sauka a teku, otes ce za ta fitar da mutane, don haka dole ta iya iyo, ta kuma iya jan wanda bai iya ba. Wanda ya faɗi yana da dama ɗaya a ƙarshen zango. In ya sake faɗuwa, ba shi ba zuwa sitaj a Kwatano, wato koyon aiki a cikin jirgi na gaske.

Yahouza kuwa wajen sayen tsiren Gwaggo muka haɗu. Kullum sai ya yi mini gyara har ƙunshin ya ƙi rufuwa, Gwaggo ta ce wannan gyaran ba nata ba ne, na mai aike ne. Dogo ne baƙi, mai sanyin magana, ga tsafta. Shi ne yake riƙe mini littafi ina haddar sanarwar jirgi, in na ce a ɗaura ɗamara sai ya kama igiyar wandonsa ya ɗaure tamau. Mahaifinsa da Baba sun san juna a kara, kasuwar shanu, shekara da shekaru, magana ta riga ta je gaban manya, an ce sai na gama karatu.

Abin da ya ƙara mini ciwo a ranar shi ne wayar Inna. Mahaifiyata, Inna Tsahara, ba ta taɓa son wannan karatu ba. Ba ta hana ba, tunda Baba ya yarda, shi da yake cika baki a kasuwa wai 'yarsa ta kusa fara yawo cikin gajimare. Amma in ta kira ni sai ta tambayi abinci, da lafiya, da salla, ba ta taɓa cewa yaya lakwal ba. Da na gaya mata na faɗi, ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Muryarta sakayau, kamar wadda aka sauke wa kaya. Ashe mutum biyun da na fi so a duniya duk sun ji daɗin faɗuwata.

Na yi ƙoƙari ni kaɗai. Duk ranar da lakwal ta kai mu pisin, wato wurin iyo, na wani otel da take haya, ina shiga, amma da ruwa ya kawo mini ƙirji sai jikina ya sandare. Malamin yana tsaye a baki yana ta ihu in saki jiki, ni kuwa ina riƙe da ƙarfen gefe kamar a nan aka haife ni. A gida na cika babban baho ina tsoma fuska ina riƙe numfashi. Gwaggo ta zo ta tsaya a kaina ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in na gama in wanke mata wake da ruwan.

Yahouza ya kira har ya gaji, ban ɗauka ba. Wata la'asar ya zo gidan da ƙunshin tsire, na ƙi fitowa. Gwaggo ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta cinye naman tas a gabansa, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Sai daga baya ya ba ni labarin abin da ya wakana.

Wai ya tambaye ta ko ta san macen da ta iya ruwa a garin nan, don ya lura kunyar malamin ma tana cikin abin da ke ɗaure ni. Gwaggo ta tsotse yajin yatsanta ta ce ai ba sai an je nesa ba, uwar yarinyar kifi ce. Na san Inna 'yar Malanville ce, amma ba ta cika ba da labarin can ba. Ashe 'yar masunta ce, a bakin kogin Kwara ta tashi. Gwaggo tana cikin 'yan ɗaukar amarya lokacin auren Inna, ta ce da idonta ta ga amaryar ta sulale da sassafe ta faɗa kogi don yin bankwana da shi, samari suka bi ta da kwalekwale suka kasa cim mata. Tun da aka kawo ta Djougou ba ta ƙara shiga ruwan da ya wuce na wanka ba.

Washegari Yahouza ya rufe tukuba, ranar ciniki ce kuwa, ya shiga motar Djougou. Ya tarar da Inna a tsakar gida tana turara wasa-wasa, dambun garin doya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta yi mamakin ganinsa ba sanarwa, ta tambaya ko lafiya. Bai ɓoye mata komai ba, har murmushin da ya yi.

Ya ce, "Inna, ni ma ba na so ta tafi. In ta tafi ban san yadda zan yi da raina ba. Amma in ta zauna don ta kasa, kullum za ta dube mu ta tuna mun yi murna ranar da take kuka. Gara ta ci jarrabawar, in ya so ta zaɓa da kanta."

Inna ta miƙe ta ɗauko kwano. Ta zuba masa wasa-wasa da soyayyen wagashi, cukun Fulani, ta zauna tana kallonsa har ya cinye. Sannan ta ce ya tashi ya kama hanya kada rana ta faɗi masa a mota. Ya dawo Parakou yana ganin ya yi tafiyar banza.

Ranar Asabar da hantsi ina wanki a tsakar gida na ji sallama. Na ɗago, sai ga Inna da 'yar jakarta a hannu, mayafi ya sha ƙurar hanya. Na ruga na rungume ta da kumfa a hannuna, ina tambayar ko Baba lafiya. Ta ture ni a hankali ta ce kowa lafiya.

"Auta, ina ruwan naku yake?"

Da Yahouza ya ji Inna ta iso, bai zauna ba. Manajan otel ɗin mai sayen tsirensa ne, ya roƙe shi aka ba mu pisin da sassafe kafin baƙi su tashi, mata zalla, shi kuma zai zauna a bakin ƙofa kada kowa ya shigo.

Haka muka je da safe, ni da Inna da Gwaggo. Inna ta saka tsohon wandon Baba da doguwar riga, ta ɗaure kai tamau. Ta zagaya pisin ɗin tana leƙawa, ta taɓe baki ta ce yanzu a cikin wannan randar na nutse? Ta tsuguna ta taɓa ruwan, ta shafa a fuska, ta yi bisimilla. Ban ga lokacin da ta shiga ba. Ko fantsama ruwan bai yi ba, sai inuwarta kawai na gani tana tafiya a ƙasa, doguwa, har ta ɓulla a ɗaya ƙarshen. Ta ɗago kai tana dariya. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta yi irin wannan dariyar ba, ta yarinya ce sak. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, Yahouza ya ƙwanƙwasa ƙofa daga waje yana tambaya ko lafiya.

Ba ta yi mini ihu ba ko sau ɗaya. Ta kama hannuna muka shiga tare har ruwa ya kawo ƙirji. Ta ce in kwanta rigingine a kan hannuwanta in kalli sama. Na kwanta, ina jin tafin hannunta ɗaya a bayana, ɗaya a ƙeyata, kamar yadda take riƙe ni ina jinjira. Ta ce kada in yi komai, in yi numfashi kawai in ba ta labarin lakwal. Karo na farko ke nan da ta tambaya. Na fara ba ta labarin kujerun mota da Madam da shayin da na taɓa sheƙa wa wata 'yar ajinmu a cinya. Ina cikin zuba sai na ji muryarta daga nesa tana cewa in ci gaba, tana ji. Na juya ido, na hango ta can gefe ta harɗe hannuwa a ƙirji. Na kurma ihu na nutse, na sha ruwa, ta ɗago ni tana dariya. Amma na riga na ji da jikina cewa ruwa ya ɗauke ni.

Da muka fito na tarar da Yahouza zaune kan babur ɗinsa, ya sayo koko da ƙosai ya rufe da hularsa don kada su huce. Ya miƙe yana ta murza hannu, ya kasa haɗa ido da ni. Inna da Gwaggo suka yi gaba kamar ba su gan mu ba.

Na ce, "An ce ka je Djougou."

"Na je cin wasa-wasa ne."

"Yahouza... in na ci, tafiya zan yi fa."

"Na sani, sanyin idona. Ki ci ɗin."

Na karɓi ƙosan, hawaye na zuba ina ci.

Inna ta zauna da mu har ƙarshen zango. Baba yana kira kullum yana ƙorafin an bar shi da tuwon maƙwabta, amma in ya gama sai ya ce kada ta kuskura ta dawo sai na iya. Na koyi bugun ƙafa, na koyi juya kai in shaƙi iska. Da aka zo koyon jan mutum, Inna ta ce ita ba ta iya yin kamar mai nutsewa ba, sai dai Gwaggo. Gwaggo kuwa mace ce mai jiki, ga tsoron ruwa. Da ƙyar muka lallaɓa ta, aka ɗaura mata rigar iska har biyu. Na saƙalo haɓarta ina ja, ita kuwa tana salati da ƙarfi tana yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mata rai, har da mai tumatir na kasuwa. Da na kai ta gefe ta ce ta janye yafiyar mai tumatir.

Wata safiya bayan mun gama, Gwaggo ta shiga canza kaya, muka zauna ni da Inna a bakin pisin ƙafafunmu cikin ruwa. Na tambaye ta abin da ya sa ba ta son aikin nan, ko faɗuwar jirgi take tsoro. Ta girgiza kai ta ce mutuwa ai ko a kan gado tana zuwa.

"Ranar da za a kawo ni Djougou na ce wa uwata duk salla zan zo. Shekarar farko na je. Sai ciki, sai goyo, sai hidimar gida. Ina ta cewa baɗi. Da aka aiko ba ta da lafiya damina ce, hanya ta lalace. Na isa an riga an kai ta."

Na kama hannunta na fara rantse mata cewa ni ba zan yi haka ba, duk hutu ina gida. Ta rufe mini baki da jiƙaƙƙen tafinta.

"Kada ki yi alkawari, Auta, ni ma na yi. In kin samu hali ki zo. In ba ki samu ba, ni zan zo. Uwata ba ta san hanyar Djougou ba, ni kuwa zan koyi ta Kwatano."

Na kwantar da kai a kafaɗarta muka yi kuka kaɗan, har Gwaggo ta fito ta ce in mun gama ƙara wa pisin ruwa ita yunwa take ji.

Ranar jarrabawa ba a bar kowa ya shiga ba sai ɗalibai. Na saka rigar ruwata mai rufe jiki, na tsaya a baki. Da malamin ya busa usur na faɗa. Ban yi sauri ba, kusan ni ce ta ƙarshe, amma na je na dawo ban taɓa ƙarfe ba. Aka ba ni wata siririyar 'yar ajinmu in ja. Bayan Gwaggo, ji na yi kamar karan dawa nake ja. Malamin ya dube ni ya dubi takardarsa, ya tambaya ko ni ce dai wadda ya ciro da sanda. Madam ta rungume ni da jiƙaƙƙun kayana.

Na fito da gudu ko takalmi ban saka ba. Inna tana zaune ƙarƙashin bishiyar mangwaro da carbi, Yahouza yana ta kai da kawowa a gabanta. Na ɗaga musu kai alamar na ci. Inna ta ce alhamdulillahi, ta juya fuska tana gyara mayafi. Yahouza ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hula.

A yammacin ranar ya zo zaure, wannan karon na fito. Na ce masa maganar zaɓi da ya yi wa Inna ta iso kunnena, kuma na zaɓa, ina son aikin, ina kuma son sa, ban san yadda za a haɗa ba. Ya ce shi ya riga ya haɗa. Ya yi magana da wani ɗan'uwan mahaifinsa da ke Zongo a Kwatano, akwai wurin da zai kafa tukuba, ta Kpébié kuma ƙanensa zai riƙe. Ya ce mutanen Kwatano ma suna da baki, kuma bai ji an ce sun daina cin nama ba.

An ɗaura aurenmu a Djougou kafin in fara sitaj. Baba ya kayar da bijimi, abokansa na kara suka zo har daga Partago, aka daka sakwara har tabarya ta tsage. 'Yan ajinmu suka zo cikin kayan lakwal suka raba abinci a faranti, suna yi wa tsofaffi sannu da zuwa cikin jirgi, tsofaffin suna ta dariya. Inna ce ta kai ni mota da kanta, ba ta yi kuka ba sai da direba ya tayar.

Bayan sitaj wani kamfani ya ɗauke ni, aka ba ni kayan aiki da ɗan kwalin da ya dace da su. Tashina na farko a matsayin ma'aikaciya Abijan muka je. Yahouza ya kai ni filin jirgi a babur, akwatina a kan tanki, yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Ban zubar da shayi ba, ban manta sanarwa ba, sai dai da jirgin ya ɗaga na ji cikina ya rage a ƙasa.

Muna sauka na kunna waya, kiran Inna ya shigo. Hayaniya nake ji a bayanta, muryoyin mata da ta Baba. Ta tambaya ko na hango Djougou daga sama. Na ce gajimare kawai na gani, da teku.

"To mu mun gan ki. Da hantsi kika wuce ta saman gidanmu, ƙanƙanuwa, kina barin farin layi a baya. Duk unguwa muka fito. Babanki har da cire hula yana ɗaga miki."

Jirginmu bakin teku ya bi ya yi yamma, ko kusa da arewa bai je ba. Na buɗe baki zan gaya mata, sai na ji tana gaya wa maƙwabta cewa ga ni a waya, na sauka lafiya.

Na ce, "Inna, gobe ma ku fito. Zan duba da kyau."